Zazzaɓin aladu: inda ake kuskure wajen bin matakan hukuma

A Damagaram, da an ce cutar aladu sai ka ga an kawar da kai, ana cewa ba ruwanmu, mu da ba ma ci ba ma kiwo. Gaskiya ne masu kiwon alade tsiraru ne a nan. Sai dai dokar daƙile zazzaɓin aladu na Afirka ba ta mai alade kaɗai ba ce. Ta shafi direban da ke ɗauko kaya daga Kano, da ma'aikacin iyaka, da mai unguwar da za a fara kai wa ƙorafin mushe. Kuma matakan nan su ne dai waɗanda ake ɗauka a kan kowace annobar dabbobi. Wanda ya ga yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya cikin Fabrairun 2006, jim kaɗan bayan an tabbatar da ita a jihar Kaduna, ya san cuta ba ta tsayawa nuna takarda a kan iyaka.

Mutane da yawa suna haɗa wannan cuta ta aladu da murar aladu da ta tayar da hankalin duniya a 2009. Ba ɗaya ba ne. Zazzaɓin aladu na Afirka ba ya kama mutum, ba ya kama akuya ko saniya. Amma in ya shiga garken aladu da ƙarfinsa, yana iya share shi kusan kaf. A Kenya aka fara bayyana shi a 1921. Ya shiga Kodebuwa a 1996, Benin da Togo da Najeriya a 1997, Burkina Faso a 2003. Mutum bai kamuwa, amma shi ne babban mai jigilar ƙwayar: a takalminsa, a tayar motarsa, a ƙullin naman da ya riƙo.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne gaggawar sayarwa. Mai kiwo ya fito da safe da abinci, ya tarar biyu sun ƙi tashi, sun cure a lungu, jiki zafi rau, kunnuwa da ƙasan ciki sun yi ja har suna neman komawa shuɗi. Washegari ɗaya ta yi ɓari, ɗaya na zawo da jini. Abin da ke fara zuwa masa a rai ba likita ba ne, dillali ne: a kwashe masu sauran lafiya kafin labari ya fita. Ba mugunta ba ce, tsoron asara ne, kuɗin makarantar yara ne ke kwance a garken. Amma cutar tana iya yin kwana 4 zuwa 19 a jiki kafin ta nuna kanta, don haka waɗanda ake gani garau ɗin sun riga sun ɗauka. Duk gidan da aka sauke su an sauke annoba. Gyaran ba shi da daɗi amma a fili yake: a rufe garke, ko ɗan alade ɗaya kada ya fita, kada baƙo ya shiga, a sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa a ranar. Ma'aikatan ne za su ɗebi jini ko yankin saifa a kai ɗakin bincike, irin LABOCEL, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi da ke Yamai, domin da ido kaɗai ba a raba wannan cuta da wasu masu kama da ita.

Sai masu rugawa kasuwa sayen allura. Ƙwayar bairos ce, maganin bakteriya irin oksitetrasiklin ba ya yi mata komai, kuma sirinji ɗaya da aka bi garke da shi ya isa ya kammala aikin da cutar ta fara. Magani babu. Rigakafin da aka amince da shi a Biyetnam a 2023 bai zama abin da duniya ta runguma ba, saboda haka duk wanda ya zo maka da kwalba a jaka yana cewa rigakafi ce, kuɗinka yake so.

Nama ma ana raina shi. Ana ɗauka in an yi banda ko an barbaɗa gishiri an shanya, shi ke nan. Ƙwayar tana yin watanni a cikin irin wannan nama, a ƙanƙara kuwa har shekaru. Daga nan ne ragowar abincin gidajen cin abinci ke zama haɗari, tunda da shi ake ciyar da aladu da yawa. Abin da ya fi shi ne a daina. In ba yadda za a yi, a tafasa shi awa guda cur ana juyawa, ba a ɗumama ba.

Mushe kuwa, kowa ya san inda yake ƙarewa: bola, ko bakin tafki, ko kwari a bayan gari, karnuka su ja ƙafa ɗaya zuwa wata unguwa. A haƙa rami mai zurfi kamar mita 2 a cikin gidan kiwon, a binne har da shimfiɗa da ragowar abinci, ko a ƙona. A nisanci rijiya. A garin da ruwa ke da tsada irin namu, wannan gargaɗi ba sai an maimaita shi ba.

Akwai wani abu da ke ba ni takaici: kwanon ruwan jabel da ake ajiyewa a ƙofar garke. Ranar farko tas yake. Bayan mako ya zama taɓo, rana ta cinye ƙarfinsa, amma ana ta tsoma takalmi ana ganin an bi doka. Maganin kashe ƙwayoyi ba ya aiki a kan kashi da laka. A kankare, a wanke da sabulu, sannan a zuba magani a bar shi ya yi kamar minti 30, a kuma sabunta na ƙofa kullum. Takalman roba na cikin garke su zauna a garke. Aron namiji don barbara kuwa, a lokacin annoba a manta da shi.

Hukuma ma tana da nata. Nijar tana da dokar kiwo ta 2004, kuma a matsayinta na mamba a Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wajibi ne ta kai rahoton irin wannan ɓulla cikin awa 24 da tabbatarwa. Amma rahoto daga bakin mai kiwo yake farawa, shi kuwa ba zai buɗe baki ba in ya san za a kashe masa dabbobi a bar shi hannu rabbana. Kisa ba diyya, ko diyyar da ke zuwa bayan shekara, ita ke koya wa mutane ɓoyo. A faɗi farashin tun kafin a taɓa dabba, a biya da wuri. Haka sanarwar hana zirga-zirga: in ta tsaya a takardar Faransanci a allon ofis, ba ta isa ga kowa ba. A kai ta gidan rediyo da Hausa, a kai wa masu unguwa da shugabannin coci. Shingen kan iyaka a Tinkim ko Ɗan Barto yana tare manyan motoci ne kawai; mai babur da buhu a baya yana da ɓarauniyar hanyarsa, kuma mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka san ta.

Bayan komai ya lafa, a bar garke fanko aƙalla kwana 40 bayan wanki da feshi. Sannan a sa ƴan kaɗan na gwaji, a bar su su zagaya ko'ina, a sa musu ido makonni shida. Katako da tsohon buhu da ba sa wankuwa a ƙone su. Sabbin da za a sayo kuma a ware su wata guda kafin a gama su da sauran, ko da daga hannun ɗan'uwa suka fito.