Kafin ka yaɗa shafinka a Jamus, duba takardunka

Cikin 'yan watannin nan mutum huɗu daga sababbin zuwa sun turo min adireshin shafin intanet da suka gina da hannunsu, kowa na cewa, "Yaya, don Allah a yaɗa min." Ɗaya yana koyar da Jamusanci da Hausa, wani yana bayanin yadda ake neman gurbin karatu, wata baiwar Allah kuma tana rubutu kan kula da jarirai a lokacin sanyi. Wallahi na ji daɗi, domin lokacin da muka zo ba mu samu mai yi mana irin wannan bayani da harshenmu ba. Sai dai duk huɗun da na buɗe, na gangara har ƙasan shafi, ban ga Impressum ba, wato bayanin mai shafi da dokar Jamus ta wajabta. Nan raina ya ɓaci, don abin da ya ci ni ne nake gani yana jiran su.

Jawo masu ziyara ba shi ne mai wuyar ba. Ka yi wa shafinka rajista a Google Search Console, ka miƙa masa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin rubuce-rubucenka, don ya san abin da ke ciki. Kowane rubutu ya amsa tambaya guda, kanunsa kuma ya zo da kalmomin da mai nema zai buga. Ka tuna yawancin mutanenmu ba sa sa lanƙwasa a waya, "kasa" suke rubutawa a wurin "ƙasa", don haka ka gwada neman shafinka ta hanyoyin biyu. Ka rage nauyin hotuna, saboda a waya za a karanta ka. Sauran haƙuri ne na watanni. Cincirindon da kake gani ranar da ka jefa adireshin a zaurukan WhatsApp kara ce 'yan'uwa suka yi maka, bayan kwana uku za ka ga wayam. Mai ziyarar da zai dawo shi ne baƙon da matsalarsa ta kawo shi. Kuma ina roƙonku ku daina cewa dangi su riƙa danna tallan da ke shafinku. Google na gane wannan, yana rufe asusun AdSense, tsarinsa na biyan kuɗin talla, a kansa, buɗe shi kuma sai an sha wuya.

Abin da ba ku lissafa ba shi ne, duk wanda ka kira ya zo ya ga shafinka, ka kira har da lauyoyi. Dokar Jamus ta ce shafin da ya wuce harkar kai da iyali, musamman in akwai talla ko mahaɗin da ake biyanka kamasho a kansa, dole ya nuna cikakken sunan mai shi, adireshin da wasiƙa za ta same shi, da imel. Akwatin gidan waya bai wadatar ba. Wannan shi ne Impressum, yana sashe na 5 na dokar harkokin intanet ta DDG da ta maye gurbin tsohuwar dokar TMG a Mayun 2024. Bayan shi akwai bayanin yadda kake sarrafa bayanan masu ziyara, wanda dokar DSGVO ta Tarayyar Turai ta tsaurara tun 25 ga Mayu, 2018. In za ka sa Google Analytics don ƙirga baƙinka, sai ka nemi yardarsu tukuna. Ko salon haruffa ya taɓa jawo shari'a: a Janairun 2022 wata kotu a Munich ta sa mai shafi ya biya yuro 100 saboda shafinsa yana ɗauko haruffa kai tsaye daga Google Fonts, yana miƙa wa Google lambar IP ta mai ziyara, wato adireshin na'urarsa a intanet, ba da saninsa ba. Imel ma haka, ba a kwaso adireshin mutane a fara tura musu talla. Sai mutum ya yi rajista da kansa, ya kuma tabbatar ta saƙon da aka tura masa.

Ni hoto ne ya kama ni. Na ɗauko hoton tashar jirgin ƙasa daga binciken Google na ɗora a kan wani rubutu, rubutun ya karɓu, ina ta murna. Wata yamma na dawo daga aiki na tarar da farin ambulan a akwatina daga ofishin wani lauya, shafi biyar, an buga hoton shafina a ciki da kwanan wata. Abmahnung suke kiranta, wato wasiƙar gargaɗi. Suna neman ɗaruruwan yuro, da sa hannuna a takardar alkawarin ba zan sake ba, cikin 'yan kwanaki. A tsaye na karanta ta a bakin matakala, ko jakata ban ajiye ba. Tsoro ya sa na goge hoton daga rubutun a daren, na sa hannu washegari ban nuna wa kowa ba. Ban san cewa fayil ɗin hoton yana nan a ma'ajiyar shafin ba, duk mai adireshinsa zai iya buɗe shi. Wasiƙa ta biyu ta zo da tarar saɓa alkawari, wadda ta fi ta farko nauyi. Watanni na yi ina biya. Don haka in irin wannan wasiƙa ta zo maka, kada ka yi banza da ita, kada kuma ka sa hannu kafin lauyan da ya san haƙƙin mallaka ya karanta.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne izinin zama, domin kuɗi ana biya a huta, wannan kuwa zamanka ne yake taɓawa. Ɗauko katinka da takardar da ke haɗe da shi, Zusatzblatt, ka karanta abin da aka rubuta kan aiki. Ɗalibai suna ce min ai suna da izinin aikin kwana 140 a shekara. Gaskiya ne, tun Maris 2024 haka yake, amma kwanakin na aiki ne a ƙarƙashin wani. Kuɗin talla daga shafinka sana'ar kanka ce, ita kuma sai Ausländerbehörde, hukumar kula da baƙi, ta yarda. Ka tambaye su a rubuce, ka adana amsar. In sun yarda, sai rajistar sana'a a ofishin Gewerbeamt da cike takardar ofishin haraji, Finanzamt, ta shafinsa na intanet, ELSTER. Mai aikin albashi kuma ya duba kwantiraginsa, da yawa suna buƙatar a sanar da su aikin gefe.

Baiwar Allah mai rubutun jarirai ta cire tallan, ta sa Impressum, ta maye hotunan da waɗanda ta ɗauka da wayarta, sannan na yaɗa mata. Sauran ukun ina jiran su gaya min abin da ke rubuce a Zusatzblatt ɗinsu.