Idan 'Yar Wasan Zamiyar Ƙanƙara Ta Fara Tsawo: Abin da Iyaye da Koci Za Su Yi

Zariya ba ta da filin ƙanƙara, amma tambayar me za a yi idan 'yar wasan zamiya ta fara tsawo tana tasowa daga ɓangare biyu. Akwai 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Kanada ko Ingila, 'ya'yansu suka shiga wasan zamiyar ƙanƙara na salo, mai tsalle da juyi. Akwai kuma masu koya wa yara takalmi mai taya a nan gida, daga Samaru zuwa Sabon Gari, inda wasu yaran suka fara gwada irin wannan tsallen a kan siminti. Duk abu ɗaya suke gani: yarinya tana shekara 11 tana tsallenta lafiya lau, ta kai 13 sai faɗuwa, kamar ba ta taɓa koyo ba. Maganar farko da ke fitowa daga bakin manya ita ce, "Ta yi nauyi, a rage mata abinci." Wannan shawarar ta kashe wa yara da yawa wasan, wasu har da lafiyarsu.

Me ya sa tsallen ke ɓacewa

A tsalle mai juyi uku, ɗan wasa yakan yi kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 10 na daƙiƙa ɗaya ne kawai a sama. A wannan ɗan lokacin zai juya sau uku, ya buɗe jiki, ya sauka a kan ƙafa ɗaya da baya, bisa ƙarfen ƙasan takalmi mai faɗin kusan milimita 4. Yadda katantanwa ke juyawa a kan tsininta, haka jiki ke juyawa a kan wani layi da ya ratsa shi daga tsakar ka zuwa ƙafa. Duk naman da ya yi nesa da wannan layin yana rage saurin juyi, kuma ragin ba kaɗan ba ne: idan nisan ya ninka biyu, jan da yake yi wa juyin ya ninka huɗu. Shi ya sa ake matse hannuwa a ƙirji, a harɗe ƙafafu.

Yarinyar da ba ta balaga ba siririya ce, ƙugunta da kafaɗarta duk a matse suke, juyi ba ya yi mata wuya ko da tsallenta bai yi sama sosai ba. Da balaga ta zo, ƙugu ya buɗe, ƙirji ya fito, ƙafafu suka ƙara tsawo, tsakiyar nauyin jiki ta canza wuri. Ƙwaƙwalwa kuma tana nan da lissafin tsohon jiki. Sai ta matse hannu a lokacin da ta saba, ta buɗe a lokacin da ta saba, ta tarar saura kwata ko rabin juyi ƙafa ta riga ta taɓa ƙanƙara.

A gasa wannan gibin yana da tsada. Wani nau'in tsalle da ake kira Lutz, mai juyi uku, yana da maki 5.90. Idan gibin ya wuce kwata amma bai kai rabi ba, kashi 80 cikin 100 za a ba ta. Idan ya kai rabi, alƙalai za su lissafa shi a matsayin mai juyi biyu, wato 2.10.

Namiji shi ma yana shiga ruɗani na wasu watanni, hannu da ƙafa su yi masa tsawo ya rasa inda zai sa su, amma balagarsa tana zuwa da tsoka da ƙarfin cinya, tsallensa ya ƙara sama. Ilia Malinin na Amurka yana shekara 17 ya fara sauke tsallen da ake kira Axel mai juyi huɗu da rabi a gasa, a watan Satumba na 2022. Mace kuwa jikinta yana ƙara kitse a wannan lokacin, wanda halitta ce kuma tana buƙatarsa, ƙarfin da zai ɗaga sabon jikin sai an gina shi da horo.

A auna tsawo, a ajiye sikeli

Yawancin 'yan mata suna yin tsawonsu mafi sauri tsakanin shekara 11 da 12, kusan santimita 8 a shekara. Maza tsakanin 13 da 14, santimita 9 zuwa 10. Wani yaron kan riga da shekara biyu, wani ya makara da shekara biyu, don haka shekarun haihuwa kaɗai ba su isa ba, sai an auna.

A manna tef ɗin tela a bango mai santsi, farkonsa daidai da daɓe. Yaro ya cire takalmi, yarinya ta kwance ɗaurin kai da tulin kitso, diddige da mazaunai da kafaɗa su taɓa bango, ido yana kallon gaba. A ɗora littafi mai kauri a ka, gefensa ya kwanta a bango, a ja layi da fensir a ƙasansa. A yi da safe kullum, domin mutum yana raguwa da kusan santimita 1 kafin dare, kuma mutum ɗaya ya riƙa aunawa. Sau ɗaya a wata ya isa, amma a yi hukunci da jimillar wata uku, saboda kuskuren awo na iya kai rabin santimita. Idan an samu ƙarin santimita 2 cikin wata uku, an shiga lokacin, a canza tsarin horo tun kafin ciwo ya bayyana. Ƙafa ma tana ba da labari da wuri: tafin ƙafa kan riga sauran jiki girma, yarinyar da ta matse takalmin makaranta sau biyu a shekara tana dab da miƙewa.

Mai son hasashen inda tsawon zai tsaya, ya haɗa tsawon uba da na uwa a santimita, ya cire 13 idan mace ce ko ya ƙara 13 idan namiji ne, ya raba biyu. Uba mai 175 da uwa mai 163 za su ba da 162.5 ga 'yarsu, da yiwuwar sama ko ƙasa da kusan santimita 8. Amfaninsa shiri ne kawai, ba a cire yaro daga wasa saboda shi.

Ɗora yara a sikeli gaban 'yan'uwansu kuwa, koci ya daina shi kwata-kwata. Idan akwai dalilin auna nauyi, aikin likita ne, a keɓe.

Yadda za a sauya horo

Ƙashi yana riga tsoka da jijiya tsawo, kuma ƙwarin ƙashin yana biyo bayan tsawonsa da watanni. A daidai wannan lokacin da jiki ya fi rauni, kowace sauka daga tsalle tana dukan ƙafa ɗaya da ƙarfin da ya kai ninki 5 zuwa 8 na nauyin jiki, kuma kullum ƙafa ɗaya ce ke ɗauka, ta dama ga yawancin 'yan wasa. Koci da ya ga tsalle ya lalace yakan ce a ƙara maimaitawa. Nan ake yin ɓarnar.

Shawararmu, a ƙirga tsallen da yaro ke yi a rana har da waɗanda ya faɗi, a rubuta a littafi, sannan a rage kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi muddin awo yana nuna saurin tsawo. Idan ya faɗi sau uku a jere a tsalle ɗaya, a bar shi sai gobe. A koma mai juyi biyu, ko ɗaya ma, a gyara shiga da tashi da lokacin matse hannu, har jiki ya koyi sabon lissafi. Babu abin kunya a wannan. Lokacin da aka rage daga tsalle a zuba shi a tafiya kan gefen ƙarfe, sarrafa ƙafa, juyi a tsaye da bin kiɗa, abubuwan da alƙalai ke ba maki na dabam, waɗanda kuma girman jiki ke ƙara musu kyau.

Motsa jiki a ƙasa, ba a kan ƙanƙara ba, sau biyu ko uku a mako, minti 30 zuwa 40: tsuguno da ƙafa biyu sannan da ɗaya, hawa benci da sauka a hankali, ɗaga diddige a bakin matakala, kwanciya rub da ciki a dogara kan gwiwar hannu daƙiƙa 30 zuwa 45. Sau 8 zuwa 12 kowanne, zagaye biyu ko uku. A lura da gwiwa lokacin sauka, idan tana karkata ciki an yi wa yaron yawa. Miƙe tsokar gaban cinya da bayanta da dambubu kullum bayan horo, daƙiƙa 30 kowace. Awannin horo a mako kada su wuce shekarun yaro, 'yar shekara 12 awa 12, da hutun kwana ɗaya ko biyu, da barcin awa 8 zuwa 10.

Masu takalmi mai taya su ƙara kula, domin siminti da kwalta ba sa barin jiki ya zame idan an faɗi, kuma takalmin ya fi nauyi. A yi horo da sassafe ko bayan la'asar a watannin Maris da Afrilu, a azumi kuma a bar tsalle sai bayan an sha ruwa.

Ciwon da ba a yi wa haƙuri

Kumburi mai zafi a ɗan tudun da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, likitoci na kiransa Osgood-Schlatter: jijiyar cinya ce ke jan guringuntsin da bai gama zama ƙashi ba. Irinsa a diddige shi ne Sever, yaro ya riƙa ɗingishi bayan horo, idan aka matse diddigen ta gefe biyu ya ji zafi. Waɗannan suna lafawa da rage tsalle, sa ƙanƙara a tsumma minti 15, da miƙe tsoka. Wanda ya fi haɗari shi ne ciwon ƙasan baya da ke ƙaruwa idan an lanƙwasa baya, kamar a juyin Biellmann inda ake kamo ƙafa ta bayan kai. Yana iya zama tsagewar ƙashin baya. Haka ciwon da yaro zai nuna da yatsa ɗaya a ƙwauri ko bayan tafin ƙafa. Duk wanda ya wuce mako biyu, ko yake hana barci, a kai asibiti, a nan Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kada a kai wa mai ɗori ya murza, kada kuma a ba da maganin kashe zafi don a samu a ci gaba da tsalle.

Takalmi yana da hannu a wasu daga cikin waɗannan matsalolin. A duba shi duk wata uku. Sayen babba don "ya girma a ciki" yana sa diddige ya riƙa ɗagawa, ƙarfen ya kauce daga tsakiyar ƙafa. Takalmin da ya karye a idon sawu ya daina riƙe yaron da ya ƙara nauyi, mai tauri fiye da kima kuma yana hana lanƙwasa ƙafa, dukan ya haura gwiwa da baya. Idan aka sauya takalmi da ƙarfe, a ba da mako biyu na sabawa kafin a koma manyan tsalle.

Abinci

Nan ne zuciyar maganar. Yaron da ke girma kuma yake horo yana ciyar da abu biyu ne lokaci ɗaya. Idan abinci ya gaza, jiki yana rage kashewa a inda ba a gani: al'ada ta jinkirta ko ta ɗauke, ƙashi ya ƙi ƙwari, tsagewa ta biyo baya. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba wannan yanayi suna RED-S, kuma yana kama maza ma. Yulia Lipnitskaya ta Rasha ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta a gasar Olamfik ta Sochi a 2014 tana shekara 15, ta bar wasa a 2017 tana 19 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Gracie Gold ta Amurka ta dakatar da wasa a shekarar don neman magani kan matsalar cin abinci da ciwon damuwa.

Yaro mai shekara 9 zuwa 18 yana buƙatar miligiram 1,300 na sinadarin kalsiyam a rana, kofi ɗaya na madara kuwa kusan 300 yake bayarwa. Kindirmo, nono, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, zogale, kuka da riɗi duk suna taimakawa. Abinci uku cikakku, da ɗan abin taɓawa kafin horo da cikin awa ɗaya bayansa, ko fura da nono, ko alale da ƙwai, ko awara. Yarinyar da ta fara al'ada a ƙara mata hanta, nama da wake saboda jini. Uwa ita ce ta fi kowa ganin alamun: ture tuwo gefe, shiga banɗaki da an gama ci, jin sanyi ba lokacin hunturu ba, zubar gashi. Idan ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, ko ta fara ta ɗauke wata uku, a ga likita. Ɗaukewar al'ada ba shaidar ƙwazon horo ba ce, ko waye ya faɗa.

Jikin da ya fito bayan girma

Tara Lipinski a 1998 da Alina Zagitova a 2018 duk sun ci zinaren Olamfik suna shekara 15, wannan ya sa aka ɗauka wasan na ƙananan yara ne. Bayan rikicin gwajin ƙwayar ƙara kuzari na Kamila Valieva ta Rasha, 'yar shekara 15, a Olamfik ta Beijing a 2022, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta yanke a watan Yuni na 2022 cewa shekarun shiga gasar manya za su tashi daga 15 zuwa 16, sannan 17 daga kakar 2024. Yanzu wanda ya gaggauta wa 'yar shekara 12 manyan tsalle bai ci komai ba idan jikinta bai kai ta 17 lafiya ba.

Carolina Kostner ta Italiya, mai tsawon santimita 169, ta zama zakarar duniya a 2012 tana shekara 25. Evan Lysacek na Amurka, mai 188, ya ci zinaren Olamfik a 2010. Akiko Suzuki ta Japan ta rasa kaka guda saboda cutar ƙin cin abinci, ta dawo ta ci tagulla a gasar duniya ta 2012. Alysa Liu ta zama zakarar Amurka tana 13, ta ajiye wasa tana 16, ta dawo da jikin babbar mace ta ci gasar duniya a 2025.

Dogo yana buƙatar shiga tsalle da gudu da tashi sama sosai don ya rama jinkirin juyi, gajere mai ƙarfin cinya ya dogara da saurin matsewa. Wanda tsalle ya ƙi masa bayan an ba shi shekara ɗaya zuwa biyu na gyara, akwai rawar ƙanƙara ta mutum biyu wadda ba a yin manyan tsalle a cikinta, akwai ta ƙungiya mai mutum 16, namiji dogo mai ƙarfi kuma ana nemansa ruwa a jallo a wasan bibbiyu, inda namiji ke ɗaga mace sama. A jira awon bango ya nuna tsawo ya lafa, ƙasa da santimita 1 cikin wata uku, kafin a zauna da yaron a yanke wannan shawarar, kuma a fara jin ta bakinsa.