Kurakuran da Ake Yi Wajen Auna Amon Amfilifayar Jita Mai Gurza Sauti

Amfilifayar jita (na'urar da ke ƙara wa jitar lantarki ƙarfin sauti) da makaɗan rok da metal suke nema ita ce wadda take gurza sautin tsirkiya har ya yi kaushi, ya kuma daɗe yana amo kafin ya mutu. Dabarar ta kankama ne a farkon shekarun 1970, lokacin da Randall Smith na kamfanin Mesa/Boogie a Kaliforniya ya jera bawul-bawul, wato ƙwayayen gilas masu ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tura wa na gabansa sauti fiye da yadda zai iya ɗauka ba tare da ya jirkita ba. Daga baya Marshall JCM800 ta fito a 1981, Soldano SLO-100 a 1987, Peavey 5150 kuma a 1992. Mai saye yakan shiga kanti da waɗannan sunaye a kansa, ya kaɗa na minti goma, ya yanke hukunci, alhali yawancin abin da ya shiga kunnensa ba daga amfilifayar ya fito ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwada guda biyu ba tare da an daidaita ƙararsu ba. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa, kuma yana ƙara jin sa yayin da ƙarar take ɗagawa. Saboda haka duk wadda ta ɗan fi 'yar'uwarta ƙara za ta yi kamar ta fi cika da armashi. Maganin wannan ba shi da wuya: a sa manhajar auna ƙara a waya, a ajiye wayar a wuri guda, a murɗa maɓallan har su biyun su nuna lamba ɗaya, sannan a fara sauraro. Yawan wat ma yana ruɗin mutane, domin tazarar da ke tsakanin mai wat 50 da mai wat 100 desibel 3 ce kacal.

Inda aka fi yin asarar kuɗi kuwa shi ne wajen akwatin sifika. Mutum zai ji amfilifaya ɗaya a kan akwati mai ɗauke da sifikar Celestion Vintage 30, ya ji ta biyu a kan mai G12T-75, sai ya ce ta farkon ta fi cizo, ta biyun kuma cikinta fayau yake. Abin da ya kwatanta sifiku ne, domin Vintage 30 an san ta da turo sautin tsakiya gaba, ita kuwa G12T-75 takan janye shi ta bar kauri da kaifi. A ganina, sauya akwati yakan canza amo fiye da sauya amfilifaya, musamman tsakanin waɗanda ƙirarsu ta yi kusa da juna. Dole ne a gwada kowacce a kan akwati guda, kuma zai fi kyau ya zama irin wanda mai saye yake da shi a gida. Wajen sauya waya a tabbata lambar om ta kan amfilifaya, ko 4 ko 8 ko 16, ta dace da ta akwatin, kuma kada a kunna mai bawul ba a jona ta da sifika ba, don hakan na iya ƙona taransifomarta.

Wurin tsayuwa ma yana da nasa tasiri. Sauti mai kaifi yana fita daga tsakiyar sifika ne kai tsaye kamar hasken tocila. Na taɓa ganin wani makaɗi tsaye a kan akwatin da ke ajiye a ƙasa, sifikun suna fuskantar gwiwoyinsa, yana ta ƙara kaifi yana ƙorafin sautin ya yi duhu. Da aka ce ya tsuguna daidai bakin sifikar, bai kaɗa sau biyu ba ya yamutse fuska ya toshe kunne ɗaya. Abin da ya ji a tsugune shi ne abin da makirufo da mutanen sahun gaba suke ji.

Wannan ne ya sa bidiyon gwaji na YouTube ba ya isa hujja. A irinsa ana jin sautin da makirufo ya ɗauka, galibi Shure SM57, kuma matsar da shi inci ɗaya daga tsakiyar sifika zuwa gefe yana mayar da sauti mai kaifi ya zama mai taushi. Sau da yawa an naɗi jitar sau biyu an raba ta hagu da dama, an sa jitar bes a ƙarƙashi, an kuma gyara komai a kwamfuta. Bidiyon da za a ɗan dogara da shi shi ne wanda ya bar makaɗi, jita, akwati da makirufo yadda suke, ya sauya amfilifaya kaɗai.

Akwai kuma jarabar murɗa maɓallin Gain, mai ƙara gurzar sauti, har ƙarshe tare da rage na sautin tsakiya, wanda ake rubuta wa Mid. Ga mai kaɗawa shi kaɗai a ɗaki, wannan yana da daɗi ƙwarai, sautin ya yi nauyi, yatsu kuma su ji sauƙi. Amma da zarar ganguna sun shigo, babbar ganga da jitar bes za su mamaye ƙasa, faya-fayan tagulla su mamaye sama, jitar da ta zubar da tsakiyarta kuma ta ɓace, sai dai a riƙa jin ƙugi da shuuu. Yawan gurza yana kuma haɗiye bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi, ya cakuɗa tsirkiyoyi idan an kaɗa su tare. A fara da maɓallan a tsakiya, a rage Gain har sai an ji kowace tsirkiya daban, sannan a kunna naɗaɗɗen kiɗan ganga da bes a kaɗa a kansa. Amfilifayar da har yanzu ake jin ta sarai a cikin wannan hayaniya ita ce mai amfani a dandamali.

Wasu sukan yi watsi da amfilifayar Mesa Dual Rectifier da cewa kaurinta sakwa-sakwa yake idan an danne tsirkiya da gefen tafi. Ƙorafin yana da tushe, sai dai amon da aka saba ji daga gare ta a faya-fayai sau da yawa yana da fedar Ibanez Tube Screamer (ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa, ana jona ta tsakanin jita da amfilifaya) a gabanta, an rage gurzarta zuwa ƙasa an ɗaga ƙararta. Fedar tana datse kauri kafin ya shiga amfilifaya, tana kuma ɗaga sautin da ke kusa da 720 Hz, shi ya sa bugun yake tsukewa. Wanda zai yi amfani da irinta ya tafi da ita wurin gwaji, tare da jitarsa a ɗaure yadda ya saba ɗaure ta. Suna ma yana ruɗarwa: Peavey 6505 ita ce dai 5150, an sauya mata suna ne a 2005 bayan makaɗin jita Eddie Van Halen, wanda aka ƙera ta tare da shi, ya rabu da kamfanin.

Kunne yana gajiya da wuri a gaban irin wannan ƙara, kuma ba ya riƙe amo na dogon lokaci. Gara a naɗi gajeren kiɗa a fedar da ke maimaitawa, a tura shi cikin kowace amfilifaya bi da bi, a huta, a sake saurare kafin a ciro kuɗi.

Saura batun wuta. Amfilifaya mai bawul tana canza hali idan wuta ta yi rauni, ta yi laushi ta rage ƙara. Van Halen ma da gangan yake rage wa Marshall ɗinsa wuta da na'urar Variac don ya sami amon da yake so. A inda wutar lantarki take hawa da sauka, ko ake aiki da janareta, amfilifayar da ta yi daɗi da safe tana iya yin sanyi da yamma, don haka a gwada duka a kan sitabilaiza guda. Idan kuma ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, a duba bayanta kafin a jona: yawancinsu na bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa tana kusa da ninkin haka, sai an sa mata taransifoma mai rage wuta.