Yadda Ake Ƙawata Falo da Launin Bakin Teku a Gidan da Ake Kiwon Kyanwa

Kaduna ba ta da teku, kuma wanda ya kama hanyar Legas a mota sai ya wuni yana tafiya kafin ya ga ruwan gishiri. Amma duk wanda ya taɓa leƙa kogin Kaduna daga kan gada da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, ya riga ya san launukan da ake magana a kansu, wato hasken rairayi, da ruwan tokar duwatsu, da shuɗin sama. Wahalar aikin ita ce shigo da su falon da ƙura ke shiga, kuma kyanwa ke kwana a cikinsa. Na ce kyanwa ne domin a yawancin gidajenmu kare a tsakar gida yake gadi, ita kuwa ba a hana ta ɗaki.

A fara da rabon launi. Masu ƙawata ɗaki suna da wani lissafi da suka saba bi: kashi 60 cikin 100 na babban launi ne, kashi 30 na mai bi masa, kashi 10 kuma na ɗan abin da zai ja ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba wa fari fat kashi 60 ɗin, saboda haka ake ganin ɗakunan Turawa a hotunan intanet. Waɗannan ɗakuna ba su san hunturu ba. A Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana bin kowace kafa ta taga, da damina kuma kyanwa za ta tako jar ƙasa ta haye kujera ba tare da neman izinin kowa ba. Saboda haka a ba wa launin rairayi babban kaso, a bango da kujeru, a bar wa shuɗi kashi 30, fari kuma ya tsaya a silin da ƙananan abubuwan da ake iya wankewa. Idan ana da zaɓi tsakanin rairayi mai haske da mai ɗan duhu, a dubi gashin kyanwar gidan a ɗauki wanda ya fi kusa da shi, domin gashin da take zubarwa ba zai riƙa tona asirin uwargida a gaban baƙi ba.

Fentin bango ya zama mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, tun da kyanwa tana goga kumatunta a kusurwar bango da bakin ƙofa, kuma a hankali wurin yakan yi baƙin maiƙo. Kafin a sayi bokiti mai lita 20, a shafa kaɗan a bango a dube shi da safe da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, domin launin rairayi yakan rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa idan hasken ƙwan ja ne. Ƙarshen Oktoba ya fi dacewa da aikin, bayan bango ya bushe daga damina kuma kafin ƙura ta sauko. A killace kyanwar a wani ɗaki har sai warin fenti ya fita.

Kujeru su ne inda kuɗi suka fi tafiya, kuma nan ne kyanwa ta fi yin ɓarna. Karce-karcen da take yi ba rashin ji ba ne. Ta haka take cire tsohon ɓawon farcenta, ta miƙe jikinta, ta kuma bar alamar cewa wurin nata ne, don haka tsawa ko duka ba za su hana ta ba. Abin yi shi ne a zaɓi yadin da farce ba ya samun wurin kamawa. Duk yadin da ake ganin zarensa ya yi hawa-hawa ko saƙarsa ta yi sako-sako, a bar shi a shago komai kyansa. Yadi mai matsattsiyar saƙa irin na kambas ya fi jurewa, haka ma karan-miski mai gajeren gashi, ko da yake shi yana riƙe ƙura. Fata da ledar da ake kwaikwayon fata da ita suna da sauƙin gogewa, sai dai hudar farce ba ta ɓacewa a jikinsu, kuma wannan ya shafi tumtum ma. Idan an shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayen yadi, a ja bakin makulli a kan ɗan ƙyallen da mai shago ya bayar. In zare ya biyo, to kyanwa ma za ta jawo shi. A sa tela ya ɗinka wa kujerun riguna masu zif, saiti biyu in da hali, ana wanke ɗaya ana shimfiɗa ɗaya.

Sannan a yi mata nata wurin karcen. Kowane kafinta a kasuwar Panteka zai iya kafa katako mai tsawon santimita 80 a kan faffaɗan allo mai nauyi, a naɗe shi tam da igiyar rama. Tsawon yana da muhimmanci, domin in ba za ta iya miƙewa sosai a jikinsa ba, ko kuwa yana rawa, za ta koma wa hannun kujera. A ajiye shi dab da kujerar da ta fi so. Launin igiyar ma ya yi daidai da sauran ɗakin.

Shuɗin kuwa ba sai an nemo shi daga waje ba. Yadin da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, yana ba da shuɗi mai zurfi da ke kama da ruwan teku, kuma ya dace da rigunan matasai. Amma sabon rini yana zuba, don haka a wanke shi shi kaɗai sau da yawa har ruwan ya fito garau, in ba haka ba zai shafi kujera, ya kuma shafi kyanwar da ke lasar jikinta. Labule ya zama shuɗi mai haske, marar geza da tuntu, kuma ya tsaya a ɗan ƙasa da taga, tun da wanda ke jan ƙasa tsani ne ga ’yar kyanwa.

A ƙasa, tayil mai launin yashi ya fi kafet ɗin da ake mannewa daga bango zuwa bango, wanda ke shanye fitsari ya kuma tara ƙuma. Tabarmar kaba ko ƙaramar darduma ta wadatar a tsakiya. Wajen goge tayil, a guji magungunan da ke komawa kamar madara idan an zuba su a ruwa, domin yawancinsu suna ɗauke da sinadarin fenol, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, kuma tana lashe abin da ta taka. Ruwa da sabulu sun isa.

Wajen kayan ado, kada a zuba rairayi a buɗaɗɗen kwano don a kwaikwayi bakin teku, domin kyanwa ta san amfanin rairayi guda ɗaya ne kawai. A ɗura shi a kwalba mai murfi. Wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, asalinsa daga tekun Indiya yake, don haka babu abin da ya fi shi cancantar shiga wannan falo. A jera shi a bayan gilashi a rataye, tare da faya-fayai biyu ko uku, inda ba za ta ture ko ta haɗiye ba. A shuke-shuke, furen lili yana lalata ƙodar kyanwa ko da kaɗan ta ci, ƙariya guba ce, alobera kuma tana sa ta amai da zawo. Ƙaramar kwakwar ado da ake kira areka ba ta cutar da ita, ga shi kuma ganyenta yana tuna wa mutum da gaɓar teku.

Idan za a turara falon ko a fesa maganin sauro, a fitar da kyanwar tukuna, haka ma aku in akwai, a kuma rufe akwatin kifi. Kada a dawo da su sai an buɗe tagogi iska ta ratsa ɗakin sosai.