Kira daga cikin Gmail: inda mutane suka fi tuntuɓe

Har yanzu akwai masu buɗe Gmail a kwamfuta suna laluben ɗan hoton wayar nan da ake dannawa a buga lamba. A watan Agustan 2010 Google ya kawo wannan tsari, daga baya ya koma hannun Hangouts, manhajar hira ta Google, shi kuma Hangouts aka rufe shi a 2022. Haka masu Outlook da suka saba da Skype: an daina shi a watan Mayun 2025, aka tura jama'a Teams, manhajar taro ta Microsoft. In bayanin da kake bi tsoho ne, kada ka ɗora wa kwamfutarka laifi.

Wasu kuma sun ɗauka Meet, wato tsarin kiran bidiyo da ke cikin Gmail, zai kira kowace waya. Meet na kyauta yana haɗa ka ne da mai intanet, ba zai sa ƙaramar wayar Inna ta yi ƙara a ƙauye ba. Buga lamba kai tsaye aikin Google Voice ne, wato tsarin kiran waya na Google, kuma asusunsa na kyauta na mazauna Amurka ne, sai da lambar can ake buɗe shi. 'Yan'uwanmu da ke can su kula sosai: duk wanda ya ce ka karanto masa lambobi shida da Google ya turo maka, so yake ya buɗe asusu da layinka ya damfari mutane. Kada ka ba shi, ko da ya rantse.

Abin da ya fi yawan faruwa shi ne kana jin mutum, shi ba ya jin ka. Galibi ranar farko ne Chrome ya nemi izinin makirufo, kai kuma cikin sauri ka hana. Danna 'yar alamar da ke hagu da adireshin shafin, ka ba makirufo izini, ka sake loda shafin. In muryarka na dawo maka, sa abin ji a kunne.

Sai rubuta lamba a Google Voice. In Najeriya za ka kira, fara da +234 ka zubar da sifilin farko, wato 0803 ya koma +234 803. Nijar +227 ne, sannan lambobi takwas ɗin yadda suke. Kiran Amurka da Kanada daga Amurka yawanci kyauta ne, amma na Najeriya ko Nijar sai ka zuba kuɗi a asusun tukuna, in ba haka ba kiran ba zai shiga ba.