"Ai a kwamfutata yana aiki": kurakuran da aka fi yi da npm

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta manhaja da JavaScript ya taɓa jin wannan magana, ko ma shi ya faɗe ta. Sau da yawa kwamfutar ba ta da laifi. Matsalar tana ga yadda npm, kayan aikin da ke sauke maka ƙunshi (package, wato guntun manhajar da wasu suka rubuta), ke zaɓar sigar kowane ƙunshi, kuma kaɗan ne ke tsayawa su fahimce shi.

Abin da ka rubuta a package.json, fayil ɗin da ke jera ƙunshin da aikinka ke buƙata, izini ne kawai. Idan ka sa ^1.4.2, ka yarje wa npm ya ɗauko 1.4.2 ko duk sigar da ta biyo bayanta, muddin ba ta kai 2.0.0 ba. Alamar ~ ta fi tsauri, don ~1.4.2 ba ya tsallake jerin 1.4. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sigar da ta fara da sifili: ^0.2.3 ba zai taɓa kai ka 0.3.0 ba, saboda a ƙa'idar semver, wato tsarin ba sigogi lamba, ƙunshin da bai kai 1.0.0 ba yana iya sauya komai a kowane lokaci. Sai ka ga mutum yana ta buga npm update yana mamakin me ya hana sabuwar siga sauka. Gyaran shi ne ka ɗaga lambar da hannunka, bayan ka karanta abin da aka canza.

Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne wulaƙanta package-lock.json. Tun npm 5 a 2017 wannan fayil yake rubuta ainihin sigar da aka sauke, har da ƙunshin da ƙunshinka ya dogara da su, waɗanda ba ka ma san sunansu ba. Wasu suna jefa shi cikin .gitignore don kada Git ya ɗauke shi, wasu da zarar abu ya cije sai su goge shi tare da node_modules, inda npm ke ajiye ƙunshin da ya sauke. Goge package-lock.json yana nufin npm zai sake zaɓe daga farko, abokin aikinka ya samu wata siga, kai ka samu wata. Ka tura shi Git tare da sauran aikin. A kan saba (server) kuma ka yi amfani da npm ci, wanda ke bin fayil ɗin sau da ƙafa, kuma yana tsayawa cak idan ya saɓa da package.json.

Sai ERESOLVE, saƙon kuskuren da npm ke bayarwa idan buƙatun sigogi suka yi karo. Daga npm 7 ne aka fara tsananta duba peerDependencies, wato sigar wani ƙunshin da ƙunshi ke so ya tarar a aikinka. A ce aikinka na kan React 18, wani ƙunshi kuma ya ce shi sai React 17. Nan da nan sai a liƙa --force ko --legacy-peer-deps a wuce. Saƙon ya ɓace, saɓanin yana nan, zai fito ranar da masu amfani suka fara danna maɓalli. Ka fara da npm explain react don ka ga wa ke neman me, sannan ka duba ko ƙunshin ya fitar da siga mai karɓar 18.

Masu zuwa Python daga nan su lura: npm yana iya ajiye siga biyu ta ƙunshi ɗaya a wurare daban cikin node_modules, pip kuwa, takwaransa na Python, siga ɗaya tak yake riƙewa a kowane muhalli. Shi ya sa kowane aiki yake buƙatar venv nasa, wato keɓaɓɓen muhalli, kafin pip install na farko.