Yadda ake ƙara rubutu a ƙarshen fayil ɗin da ke buɗe

Idan albasa ta fito, ni ke riƙe wa kawuna lissafi a nan Tahoua. Buhunan da suka zo daga Galmi da waɗanda aka loda wa motocin Abijan ko Akara, duk ina zuba su cikin fayil guda, albasa.txt, ta wani ɗan shiri da na rubuta da yaren Python. Wata rana da la'asar kawu ya ce, "Ɗana, karanto mini layin farko." Na duba, babu shi. Lodin da na shigar da safe ya hau kansa ya cinye rabinsa. Raina ya ɓaci sosai, don layin nan bashin wani manomi ne.

Ga abin da ya faru. Duk fayil ɗin da aka buɗe yana da wata alama a ciki, kamar bakin alƙalami a kan takarda. Inda ta tsaya, nan rubutu zai sauka. Ni na buɗe nawa da "r+", wato karatu da rubutu tare, shi kuwa "r+" yana ajiye alƙalamin a farkon fayil. Kwamfuta ba ta matsar da tsohon rubutu ta ba sabon wuri, takawa take yi a kansa. To idan fayil ɗinka yana buɗe, kuma ba ka son rufe shi, sai ka fara kai alƙalamin ƙarshe:

f.seek(0, 2)
f.write("buhu 40, motar Abijan\n")
f.flush()

A nan f sunan fayil ɗin da ke buɗe ne a cikin shirin, seek ke kai alƙalamin, write ke rubutu. Lambar 2 tana nufin a auna daga ƙarshe, 0 kuwa kada a gusa ko kaɗan daga nan. Da 0 ka sa a wurin 2, da farkon fayil za ka koma. Kada ka manta da \n, alamar sabon layi, domin write ba ya sauka sabon layi da kansa. In ba ka sa \n ba, lodin gobe zai manne da na yau.

Masu yaren C, abin ɗaya ne: fseek(fp, 0, SEEK_END), sannan fprintf. A C ma doka ce. In ka yi karatu, dole ka kira fseek ko makamancinsa kafin ka yi rubutu, sai fa idan karatun ya kai ƙarshen fayil. Ni dai shawarata, ko a wane yare, kada ka yi zaton inda alƙalamin yake bayan karatu. Kai shi da kanka kowane lokaci.

Amma gaskiya, idan kai ke da ikon buɗe fayil ɗin tun farko, "a" ya fi. Fayil ɗin da aka buɗe da "a" (ƙarin rubutu kaɗai) ko "a+" (ƙarin rubutu da karatu) duk rubutunsa ƙarshe yake tafiya, ko ina ka kai alƙalamin. In fayil ɗin bai wanzu ba, zai ƙirƙira shi. Wannan yana da muhimmanci idan shiri biyu suna zuba bayani a fayil guda: tsakanin seek ɗinka da write ɗinka wani yana iya shigar da layinsa, kai kuma ka taka shi. Da "a", a Linux, tsarin kwamfutar ne da kansa ke haɗa zuwa ƙarshe da rubutun a mataki ɗaya. Abin da ke rikita sabon koyo a "a+" shi ne, a Python alƙalamin yana farawa a ƙarshe, sai ka kira read ka ga ba komai. Bayananka suna nan, yi f.seek(0) ka karanta.

Buɗewa da "w" kam, nisance shi. Da zarar ka buɗe, ya share komai tun ba ka rubuta harafi ɗaya ba.

Sai flush. Abin da ka rubuta ba ya isa faifai nan take, yana taruwa a wata ma'ajiyar wucin gadi sai ta cika ko an rufe fayil. Mu da kuran, wato wutar lantarki, ke iya ɗaukewa tsakar rana a watan Afirilu, ga batirin kwamfuta ya tsufa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. flush yana miƙa rubutun ga tsarin kwamfuta. In kana son ya tabbata a faifai, shigo da os, wani kunshin kayan aiki na Python, ka ƙara os.fsync(f.fileno()). Yana ɗan rage sauri, amma ga layi 30 a yini ba za ka ji ba.

Wajen buɗewa kuma sa encoding="utf-8", wato tsarin ajiye haruffa da ya ƙunshi namu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a tsarin cp1252 da Windows ɗin Faransanci ke amfani da shi, don haka Python zai ƙi rubuta su, ya tsayar da shirin.

Bashin manomin nan, a littafin aljihun kawu muka samo shi. Daren ranar na mai da buɗewar shirin zuwa "a+", na kwafi fayil ɗin, na gwada a kan kwafin sau uku kafin na sake taɓa na gaskiyar.